Na rage wa kanel kaya, yanzu waya ta daina ba laftof ɗina data

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Taimako nake nema, kuma don Allah kar a yi min dariya. Ina da wata tsohuwar laftof ta hannu, Core 2 Duo, RAM giga 2, Debian ce a kanta. Da na ga yadda take jan ƙafa sai na ce bari in harhaɗa (compile) kanel nawa da kaina, wato zuciyar Linux da ke magana da kayan injin, in rage mata kaya. Na sauko da 6.6 daga kernel.org, na kwafo saitin da ke cikin /boot, na buga `make localmodconfig`, na bar ta tana aiki tun bayan isha'i har wajen sha biyun dare. Ta tashi lafiya ƙalau, har na yi ta murna. Da safe na jona waya da kebul na kunna raba data, shiru. Waya tana caji, amma laftof ba ta ga intanet ba. Filasha ma na soka, ko motsi. Ni kuma ba ni da wata hanyar shiga intanet sai wayar nan. Tambaya ta biyu: akwai ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4 da wani yayana ya bar min, zan iya ɗaukar wannan fayil ɗin saiti, wato .config, in kai can tunda na riga na sha wahalarsa?

Gwanki: Wa alaikumus salam. Ka ce kar a yi dariya, amma ni kam na riga na yi. Ka tafi rage kaya ka haɗa da igiyar da ake ɗaure kayan.

Baban Ilham: Gwanki bar yaro ya numfasa. Ɗan Kurna, ba abin da ya lalace. Kashe ta ka kunna, kana danna Shift ko Esc har GRUB, wato jerin zaɓin tashi, ya fito, ka shiga Advanced options ka zaɓi tsohon kanel na Debian. Yana nan bai je ko'ina ba, intanet ɗinka zai dawo nan take.

Abin da ya faru kuwa shi ne, localmodconfig ba ya duba kayan da ka mallaka, yana duba modul ɗin, wato direbobin da ake ɗora wa kanel daga gefe, da suke ɗore a lokacin da ka buga shi ne kawai, wato abin da `lsmod` ya nuna. Duk wanda bai gani ba sai ya kashe shi. A daren nan wayarka ba ta jone, filasha ba ta soke, don haka a wajensa ba ka da su. Direban da wayoyin Android da yawa suke raba data da shi sunansa rndis_host, wasu sababbi kuma cdc_ncm. Na filasha usb_storage ne da uas, sannan vfat da exfat su karanta abin da ke ciki. Duk sun tafi a shara ɗaya.

Ɗan Kurna: Kai! Wallahi na sauko da fayil ɗin ne na cire wayar na kai ta caji ɗakin maƙwabci, don su ne masu sola. Na gode Baba. To yanzu sai na sake daga farko ke nan?

Baban Ilham: A'a. Kar ka buga `make clean`. Shiga `make menuconfig`, danna alamar / ka rubuta RNDIS_HOST, zai nuna maka inda yake, ƙarƙashin USB Network Adapters. Sa masa M, wato ya zama modul. Haka za ka yi wa USB_NET_CDC_NCM, USB_STORAGE, VFAT_FS da EXFAT_FS. Ka sake buga make, abin da ya canza kawai zai harhaɗa.

Amma bari in faɗa maka gaskiyar da ba za ka so ji ba. Duk aikin nan da ka yi ba zai ƙara wa laftof ɗinka sauri ba. Modul da ba a ɗora ba yana kwance ne a kan faifai, ba ya cin RAM ko kaɗan. Kanel ɗin Debian yana zuwa da dubban direbobi, amma waɗanda injinka ke buƙata kaɗai ake tayarwa. Abin da ke cinye maka giga 2 ɗin nan burauza ce, ba kanel ba. Sa zram mai matse abin da ke cikin RAM, koma tebur mara nauyi irin LXQt ko XFCE, in Allah ya hore ka sayi ƙaramin SSD. A nan za ka ga bambanci. Shekaru nake kula da sabobi, ban tuna ranar ƙarshe da na harhaɗa kanel don aiki ba.

Na Damagaram: Baban Ilham, ranka ya daɗe, a kan ordinatar, wato kwamfuta, na yarda da kai. Amma kar yaro ya tafi da cewa saita kanel aikin banza ne. Ku masu sabobi kuna da wuri, mu ba mu da shi. Ni rawutoci nake gyara wa masu shagunan waifai. Akwai tsofaffin TP-Link irin TL-WR841N da yawa a hannun mutane, ma'ajiyarsu mega 4, RAM mega 32. A cikin mega 4 ɗin nan kanel zai zauna, da duk sauran tsarin. OpenWrt, masu Linux na rawutoci, da kansu sun daɗe da gargaɗi a kan masu 4 da 32, daga baya suka daina fitar musu da sabon hoto. In kana son ka ci gaba da amfani da su sai ka gina da kanka, ka shiga `make kernel_menuconfig` kana cire abu ɗaya-ɗaya, kana ƙirga kilobayit kamar mai auna gero a lokacin bazara. A can babu zancen "yana kwance a faifai ba ya cin komai". Faifan ne babu.

Baban Ilham: Na karɓa. Sai dai rawutar da masu ita suka daina yi wa gyaran tsaro, kai kuma ka jona wa mutane ita a intanet, wannan wata magana ce.

Na Damagaram: Ka zo ka faɗa wa mai shago ya sayi sabuwa, ina nan ina kallo.

Yaya Hajjo: Kun bar tambayarsa ta biyu, kuma ita ce babba. Ƙanena, amsar ita ce a'a, kuma ina so ka gane dalilin, ba wai ka haddace "a'a" ba.

Na farko, furosesa ɗin ba yare ɗaya suke ji ba. Laftof ɗinka x86_64 ce, Pi 4 kuwa ARM ne, arm64. Zaɓuɓɓukan da menuconfig ke nuna maka ma sun danganta da ARCH ɗin, wato nau'in furosesa, da ka ba shi. In ka ɗauki .config na laftof ka buga `make ARCH=arm64 olddefconfig`, ba zai yi maka ihu ba, wannan ne mugun abin. Zai zubar da duk abin da bai shafi ARM ba a hankali, ya cike sauran da nasa zaɓin, ya miƙo maka fayil mai kyan gani wanda ba lallai ya san da zaman guntun Broadcom da ke kan Pi ba. Ka kwana kana harhaɗawa, ka sa a kati, ka kunna, allo baƙi.

Na biyu shi ne wanda mutanen laftof ba su saba da shi ba. A kwamfuta ta yau da kullum, kanel yana tashi ne ya tambaya, a ba shi amsa. BIOS ko UEFI ya ajiye masa teburan ACPI, kayan PCI da USB kuma kowanne yana faɗin sunansa da lambarsa. Shi ya sa kanel ɗaya na Debian ke tashi a kan HP da Dell da Lenovo ba tare da an taɓa komai ba. A kan alluna irin Pi babu mai ba shi wannan amsar. Mai karanta katin SD, da UART, da GPIO, kowanne yana zaune a wani adireshi a cikin guntun, kuma ba ya cewa ga ni. Sai an ba kanel taswira. Taswirar ita ce Device Tree, fayil mai ƙarewa da .dtb. Ta Pi 4 sunanta bcm2711-rpi-4-b.dtb. Saboda haka abu biyu ne dole su haɗu: direba ya kasance a kunne a .config, sannan taswira ta nuna inda kayan yake. In ɗaya ya ɓace, kayan ya mutu ko da lafiyarsa ƙalau.

Da can kowane allon ARM da nasa fayil ɗin C a cikin kanel, har abin ya yi yawa. A 2011 Linus Torvalds ya yi faɗa sosai a kan hargitsin ɓangaren ARM, bayan nan ne aka dage da komawa Device Tree.

Gwanki: Yaya Hajjo ta buɗe aji. A kawo alli.

Yaya Hajjo: Kai dai zauna a baya ka yi shiru. Ɗan Kurna, ga yadda ake yi. Ɗauko kanel na Raspberry Pi daga ma'ajiyarsu ta GitHub, kuma ka sa `--depth=1` a git clone, in ba haka ba tarihin gaba ɗaya zai biyo ka, gigabayit da yawa, datarka ta ƙare ba ka ga komai ba. Sannan:

`make ARCH=arm64 CROSS_COMPILE=aarch64-linux-gnu- bcm2711_defconfig`

Daga wannan kake farawa. Kowane allo da nasa: bcm2711_defconfig na Pi 4, bcm2712_defconfig na Pi 5, bcmrpi_defconfig na Pi 1 da Zero na farko. Waɗanda suka ƙera allon sun riga sun sha wahalar gano abin da yake buƙata, ba sai ka sake shan ta ba.

Abin da ni nake yi, kuma shi nake so ka koya tun yanzu: ba na yawo da .config daga inji zuwa inji. Fayil ne mai layi dubbai, mafi yawansu ba ni na zaɓa ba. Ina da ɗan ƙaramin fayil nawa wanda bai kai layi talatin ba, abubuwan da nake so a ko'ina: ZRAM, EXFAT_FS, USB_NET_RNDIS_HOST, USB_SERIAL_OPTION saboda modem, WIREGUARD, da IKCONFIG_PROC don in riƙa ganin saitin a /proc/config.gz. Kowane inji in fara da defconfig ɗinsa, in ɗora nawa a kai da `scripts/kconfig/merge_config.sh`. Wannan ɗan fayil ɗin shi ne ke tafiya. Sauran na allo ne, a bar wa allo kayansa.

Ɗan Kurna: Allah ya saka da alheri Yaya. Wannan ya shiga. Amma CROSS_COMPILE ɗin fa, ba zan iya yi a kan Pi ɗin kai tsaye ba?

Yaya Hajjo: Za ka iya, a lokacin ba ka buƙatar ARCH da CROSS_COMPILE. Ana yi a wata kwamfutar ne don sauri. Sai dai taka Core 2 Duo ce mai kai biyu, Pi 4 mai huɗu, ban ga wanda zai yi wa wani gori ba. Kuma defconfig na Pi yana da modul da yawa, ba irin localmodconfig ɗinka ba ne, ka shirya wa dogon zama.

Injiniya Mai Sola: In zai yi a kan Pi ya sa masa fanka ko ƙarfen shan zafi. Pi yana fara rage gudu da kansa in ya kai digiri 80. A watan Afrilu a ɗakin kwano, kan nan huɗu suna aiki gaba ɗaya, ba ya daɗewa ya kai can. Kuma tunda ana maganar rage kaya, don Allah kar kowa ya taɓa ɓangaren THERMAL da CPU_FREQ sai ya san abin da yake yi. Na taɓa cire su a wata ƙaramar kwamfuta da na sa wa wani gidan gona tana lura da batura, wai ina rage nauyi. Furosesa ta tsaya a gudu ɗaya dare da rana, tana shan wutar da ba ta buƙata, a wurin da kowane wat nake lissafinsa. Mako biyu ina zargin inbata.

Na Damagaram: Zancen wuta kuma, in kuran ya yanke ana tsakiyar make, ba asara ba ce. Ka sake buga make ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wani lokaci fayil ɗin da yake rubutawa a daidai lokacin yana lalacewa, sai ka goge shi kaɗai.

Gwanki: To ni tawa tambayar. Na ga ana cewa in ka sa CONFIG_HZ a 1000 kwamfuta tana ƙara gudu. Tunda akwai 100, 250, 300 da 1000, me zai hana kowa ya zaɓi babban? Kuma na ji an shigar da PREEMPT_RT cikin 6.12, shi ma in kunna?

Baban Ilham: HZ sau nawa agogon kanel ke bugawa a daƙiƙa ɗaya ne. In ya yi yawa, kanel yana yawan leƙowa ya ga wa ke jiran layi, sai linzami da sauti su ɗan fi saurin amsawa, amma kowace leƙowa lokaci ce da aka ɗauke wa aikin. Ba gudu aka ƙara ba, rabon lokaci aka canza. PREEMPT_RT kuwa gaskiya ne ya shiga 6.12 a ƙarshen 2024, bayan kusan shekara ashirin yana waje. Amfaninsa ga mai injin da dole a amsa masa a kan kari ne, kamar mai juya inji a masana'anta ko mai haɗa sauti. Alkawarinsa shi ne ba zai makara ba, ba wai zai fi sauri ba. Kai da kake kallon ƙwallo a burauza ba abin da zai yi maka.

Gwanki: An ci mutuncina a bainar jama'a, amma na ƙaru.

Mai Akwatin Talabijin: Salam, na makara. Tunda Yaya Hajjo tana nan bari in sako tawa. Akwatunan Android ɗin nan da ake jona wa talabijin, na ɗauki ɗaya mai Amlogic S905X na sa masa Armbian, wato Linux na allunan ARM, a kati. Ya tashi, amma waifai babu, kuma RAM da yake nunawa rabin abin da aka rubuta a kwali ne. Kanel ne ko taswirar?

Yaya Hajjo: Ko kwalin. Buɗe akwatin ka karanta abin da aka rubuta a jikin guntayen da idonka. Irin waɗannan marasa tabbataccen suna, kwali ɗaya sai ka samu allo kala uku a ciki, kuma abin da Android ɗinsu ke nunawa ba hujja ba ne, ana iya rubuta masa komai. Wace .dtb ka zaɓa?

Mai Akwatin Talabijin: meson-gxl-s905x-p212.dtb

Yaya Hajjo: Wannan taswirar allon gwaji na Amlogic ce, akwatuna da yawa sun kwaikwaye shi shi ya sa take tashi, amma ba lallai ƙafar da ke kunna waifai ta zama ɗaya ba. Sannan ko taswira ta yi daidai, guntun waifai ɗin yana iya zama wanda direbansa bai taɓa shiga babban kanel ba. Masu akwatin sun sayar da shi da tsohon kanel nasu, irin su 3.14, da direban da suka manna a gefe. A menuconfig na 6.6 ba za ka same shi ba ko ka kwana kana nema. Duba `dmesg | grep -i mmc` ka ga ko ya ga wani abu a SDIO. In ya gani kuma yana kukan famwaya, wato ɗan fayil ɗin da guntun ke buƙata kafin ya yi aiki, da sauƙi. In bai gani ba, ni dai shawarata ka sayi ɗan waifai na USB wanda aka san yana aiki, ko ka ja kebul.

Kuma duk mai son wasa da allunan nan ya nemi ɗan USB-TTL, wato abin da ke kawo saƙon allon kan kwamfuta, mai CH340 ko CP2102, ya tabbata a kan bolt 3.3 yake. Ka jona GND, TX da RX, ka buɗe a 115200. In kanel ya mutu kafin HDMI ya farka, a nan kaɗai zai faɗa maka abin da ya kashe shi. In babu shi, duba kawai kake yi.

Ɗan Kurna: Na dawo. Na shiga da tsohon kanel, intanet ya dawo kamar yadda Baba ya ce. Ina cikin menuconfig yanzu. Me ya sa za a sa M? In na sa Y a komai ba shi ke nan ba, kowa yana ciki, ba mai ɓata?

Baban Ilham: Nan ne kuma za ka jawo abin da ka gudu. Y yana nufin direban yana cikin jikin kanel, ana ɗora shi a RAM kullum, ko ana amfani da shi ko ba a yi. Sannan akwai tarko: direbobin waifai irin iwlwifi suna neman famwaya daga /lib/firmware. In ka sa Y, direban yana farkawa tun kafin a buɗe faifan, ya nema bai samu ba, ya haƙura. Waifai ya mutu alhali komai yana nan. M ya fi masa.

Akasin haka ma akwai. Direban faifan da tsarin ke kai, AHCI ko NVMe ko MMC, da ext4, in ka sa su M kuma ba ka da initramfs, wato ɗan kunshin modul da ake ɗorawa tare da kanel kafin a buɗe faifai, kanel zai tashi ya rasa yadda zai buɗe faifan da modul ɗin ke ciki. Makulli a cikin ɗakin da aka kulle. A nan ne kake ganin "VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)". Debian tana yi maka initramfs, shi ya rufa maka asiri jiya. A kan ƙananan alluna da yawa ba a amfani da shi, don haka waɗannan dole Y.

Na Damagaram: Kun gani? Mutumin da ya ce saita kanel ba shi da amfani, ga shi yana zuba karatu.

Baban Ilham: Ban ce ba shi da amfani ba, cewa na yi ba zai sa laftof ɗinsa gudu ba, kuma ina nan a kan bakana. Ya koya, wannan daban. Amma ya sani daga yau shi ne mai gyaran tsaron kanel ɗinsa. Na Debian `apt upgrade` ke kawo masa gyara, nasa kuwa duk fitowar sabon 6.6 sai ya sauko da shi ya sake harhaɗawa. Mu ga ko zai jure wata uku.

Yaya Hajjo: Zai jure in ya yi da tsari. `make bindeb-pkg` ya fitar masa da .deb, ya sa LOCALVERSION don ya bambanta nasa da na Debian a GRUB, ya bar na Debian a matsayin na komawa. Kuma ƙanena, in za ka sake localmodconfig, ka fara jona duk abin da ka mallaka, waya, filasha, modem, firinta, ka kunna raba data, ka buga `lsmod > kayana.txt`. Gaba sai ka ce `make LSMOD=kayana.txt localmodconfig`, ko wayar tana ɗakin maƙwabci.

Mai Akwatin Talabijin: Ni da na gwada da saitin Ubuntu tsayawa ya yi yana neman debian/canonical-certs.pem.

Baban Ilham: Fayil ɗin yana cikin kunshin Ubuntu ne, babu shi a na kernel.org. Mayar da SYSTEM_TRUSTED_KEYS da SYSTEM_REVOCATION_KEYS fanko. Ka kashe DEBUG_INFO ma in ba ka son ginin ya cika maka faifai.

Ɗan Kurna: Alhamdulillah! Minti ashirin da wani abu ya gama. Na tashi da sabon, na jona waya, dmesg ya nuna rndis_host, ga shi da shi nake muku rubutu yanzu. Filasha ma ta buɗe. Baba, na duba `free -m` a tsohon da sabon, bambancin bai taka kara ya karya ba, ka yi gaskiya. Amma na kunna zram, shi kam na ji shi a jikina.

Gwanki: Baba ya ci, a ba shi kofi.

Na Damagaram: A kan ordinatar ya ci. Ya zo nan in miƙa masa mega 4.

Ɗan Kurna: Yaya Hajjo, na fara git clone na Pi ɗin, ya kai kashi sittin data ta ƙare. In na saka wata zai ci gaba ko daga farko zai ɗauko?

Yaya Hajjo: Daga farko, git clone ba ya ci gaba. Jira garaɓasar dare, ko ka sauko da shi a zip ta burauza. Kuma katin da za ka gwada a kai ya zama daban da wanda Pi ɗin ke tashi da shi yanzu.